Kawun Da Ya Goya Gawar Yayana

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a shagonsa na unguwar New Bell a Duwala, yana zaune a bayan keken ɗinki. Ba ciwo, ba kwanciya. Ni na wanke shi. Kafin la'asar mun rufe shi. Allah Ya gafarta masa, Ya sanyaya makwancinsa.

Wan mahaifiyata ne. Tela ne, kuma shi ne mai wankan gawar maza a layinmu tun kafin in yi wayo. Ya haura tamanin. Bai san da nawa ba, mu ma ba mu sani ba.

An kafa rumfa ta tare layi. Kwana biyu ruwa bai ɗauke ba, kwata ta cika ta shigo har ƙarƙashin bencina, amma mutane ba su fasa zuwa ba. 'Yan kasuwa sun zo, mahauta sun zo, Fulani da Barebari kowa da irin Hausarsa. Waɗanda suka bar unguwa suka yi gini a Bonaberi da Ndogbong sun dawo da manyan motoci, suka rasa wurin ajiyewa. Matar nan Kirista mai tuyar makala, irin fanken nan, a bakin layi ta kife kaskonta, ta shiga ta durƙusa gaban Gwaggo, matar Kawu, tana "asiya, mama, asiya," wato sannu, tana kuka fiye da 'yan gida. Ta ce da Turancin kasuwa wai tsohon nan zuciyarsa ƙarfe ce.

Abin da kowa ke faɗa ke nan. Liman ya ce bai taɓa ganin marar tsoro irinsa ba. Tsohon mahaucin da suke zagin juna kullum ya ce, "Namiji ya faɗi." Wani ya ce jarumi, wani ya ce sadauki. In sun gama sai su juyo kaina.

"Ga na biyunsa nan. Su biyu suka kai gawa makabarta ana ruwan harsashi."

Sai a miƙo min hannu, in karɓa. Shekara talatin da wani abu ina karɓar wannan hannun.

Rana ta biyu babban ɗan Kawu ya ja ni gefe. Taubashina ne, yana aiki a wani kamfani a Bonanjo, Hausarsa rabi Faransanci ce. Tun muna yara bawansa yake kirana, don ni ɗan mace ne shi ɗan namiji.

"Bawana, zo ka yi wa ubangidanka aiki."

"Ubangidan da ya ga ana wankan gawar ubansa ya fita shan iska. Me kake so?"

Ya ce 'ya'yansa da ke ƙasar waje ba sa jin Hausa, Faransancin ma ya zube musu, Ingilishi suke yi. Yana so ya rubuta musu takarda a kan kakansu, ya kuma karanta ta da Hausa ranar sadakar uku. Ya buɗe waya. Ya ce masu Ingilishi suna da kalmomi da yawa na jarumtaka, ya rasa wadda zai ɗauka. Ya riƙa karantowa yana fassara min. Akwai ta wanda bai san tsoro ba sam. Akwai ta soja a fagen yaƙi. Akwai ta mai kutsa kai inda ba a aike shi ba, da ta ƙaramin mutum mai tsaya wa babba. Akwai wata, in ji shi, ta wanda ke jure wahala shekara da shekaru bai buɗe baki ba.

"Alors, wacce ce ta Baba? Kai ka gani da idonka. Kuma zan sa ka a ciki. Ku biyu, kalma ɗaya."

Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Bari in faɗi Kawun da na sani, don wanda ake yabo a rumfa ban san shi ba.

Kawu yana tsoron kare. In ya hango kare a layi sai ya tuna ya manta wani abu a shago. Yana tsoron allurar asibiti. Sau ɗaya aka taɓa yi masa, mu uku muka danne shi, ya zagi kakanninmu duka har nasa. Gadar kogin Wuri kuwa, in za mu Bonaberi gaisuwa, tun daga bakinta yake rufe ido ya kama gwiwata, ba ya saki sai ya ji tayar mota ta hau tudu. In na yi dariya ya ce, "Kai ka iya ruwa ne, ɗan banza?"

Mutum ne mai faɗa. Bai iya cewa sannu ba. Ya taɓa yin shekara ba ya magana da mijin 'yarsa don ya kai wandonsa wurin wani tela. Idonsa kuma awo ne. Kana shigowa ya auna ka daga sama har ƙasa, kowa ya san ba riga yake auna maka ba. Akwai farin yadin likkafani da yake ajiyewa a saman kabad, ba ya taɓa barin ya ƙare. Tsohon mahaucin nan in ya zo wucewa sai Kawu ya ɗaga murya.

"Sarkin Fawa, ka ƙara ƙiba! Ka rage cin kitse, yadina ba zai zagaye ka ba."

"Ni zan rufe ka, tsohon kwano."

"In ka rufe ni wa zai wanke ka? Ka tafi da ƙarnin nama?"

Maganarsa a wurin gawa ba ta wuce uku: "To, a ɗauka." Ko an yi hatsari, ko cuta ce da kowa ke gudu, ko gawa ta kwana biyu a ɗaki cikin zafin Duwala. Zai tsaya a bakin ƙofa, ya yi bismilla, ya ce, "To, a ɗauka." Kuma yana da doka ɗaya, mai wanka ba shi da baki. Abin da ka gani a jikin mamaci ya mutu tare da shi. Mata kan tare shi su tambaya yaya fuskar mijinsu take. Amsarsa ɗaya ce ga kowa, "Lafiya lau, kamar yana barci." Na tsaya a wuraren da na san ba haka ba ne. Haka ya ce.

Wata shekara wani ɗan dako ya faɗi a bakin kasuwa ya mutu. Ba wanda ya san garinsu, sunan da ake kiransa ma na tsokana ne. Kawu ya wanke shi, ya ɗinka masa likkafani. Da aka dawo daga makabarta ya shimfiɗa tabarma a ƙofar shago ya zauna. Aka ce me ya faru? Ya ce zaman makoki yake yi. Aka ce na wa, ai ba shi da kowa. Ya ce, "Shi ya sa. A zo a yi min gaisuwa." Kwana uku yana zaune, mutane suna zuwa suna cewa yaya haƙuri, yana amsawa.

Yanzu abin da ya sa ake miƙo min hannu.

A shekarar da aka riƙa kashe gari, wadda masu Faransanci ke kira vil mort, ina ɗan ashirin da 'yan kai. Litinin zuwa Juma'a ba kasuwa, ba taksi. Samari sun tare hanyoyi suna ƙona taya, masu bindiga suna zuwa su watsa su. Mu 'yan unguwar Hausawa muna tsakiya. Ka buɗe shago waɗannan su ƙona, ka rufe waɗancan su ce kana tare da su.

Yayana, wanda nake bi, ya fita da safe nemo wa Inna burodi. Bai kai mahaɗa ba harsashi ya same shi a wuya. Ba mu san wanda ya harba ba, har yau. Maƙwabta suka jawo shi cikin gida. Kawu ya wanke shi.

A wurinmu makara ba ta taɓa ƙasa daga gida har bakin kabari, kuma ba a barin mutum huɗu da ita. Jama'a na biye, ka sa kafaɗa taku kaɗan, wani ya karɓe ka. Ran nan ba hali. Mutum goma a titi taro ne, taro kuwa harbinsa ake yi. Liman ya yi salla a tsakar gida. Kawu ya ce mutum huɗu za su kai shi, ba mai canji. Shi, da ni, da wasu fatake biyu 'yan arewa da rufe hanya ya tsare a zaurensa, albasarsu tana ruɓewa.

Inna ta biyo mu har soro. Ba ta yi kuka ba. Ta ce min, "Ka kai ɗan'uwanka."

Ni da Kawu a gaba, fatake a baya. Muka bi lunguna har suka ƙare, dole muka hau babban titi. Ba kowa. Hayaƙin taya, duwatsu, takalma ɗai-ɗai. Mun yi rabin hanya aka buɗe wuta daga gabanmu. Ba mu ake harbi ba, na sani yanzu. A lokacin ban sani ba.

Na saki. Ba tuntuɓe na yi ba, ba zamewa ba. Na zare kafaɗata na gudu.

Makara ta karkace. Na ji kan Yaya ya bugi kwalta. Ba ƙara ce mai ƙarfi ba, kamar kwakwa ta faɗo. Ita nake ji har yau. In mai kwakwa ya ɗaga adda a bakin kasuwa, hanya nake canzawa.

Na faɗa kwata, na shige ƙarƙashin sumuntin da aka rufe ta da shi. Fataken ma da suka ga haka suka watse. Daga inda nake ina ganin komai. Kawu ya durƙusa. Ya gyara likkafanin inda ya buɗe. Ya kwance rawaninsa, ya ja Yaya ya ɗora a bayansa kamar yadda mace ke goyo. Hannunsa na rawa. Sau uku yana ɗaurewa yana kwancewa. A na huɗu ya kama. Ya miƙe da ƙyar, mutum mai shekara hamsin. Yaya ya fi shi tsawo, ƙafafun suna jan ƙasa.

Wani mai bindiga ya tare shi, ya tambaye shi da Faransanci ina za shi. "Le père, tu vas où?"

Faransancin Kawu bai wuce na ciniki ba. Ya nuna gaba da haɓa ya ce, "Simitiyer," wato makabarta. Mutumin ya dubi ƙafafun da ke ja, ya matsa gefe.

Ina kallo har ya ƙule. Harbi ya tsaya. Titi ya yi tsit. Da na fito na bi shi da gudu, da na cim masa kafin ya kai. Ban fito ba. Wannan ba na faɗa wa kaina sau da yawa. Gudun farko ƙafa ce ta yi. Zaman nan ni na yi.

Bayan azahar ya dawo shi kaɗai, yana jan makara. Ban san yadda ya san inda nake ba. Ya tsaya a kaina ya ce, "Fito. Kama can." Muka ɗauki makara ba kowa a ciki, muka koma gida.

Inna tana soro inda muka bar ta. "Kun kai shi?"

Kawu ya ce, "Mun kai shi. Ni da ɗanki. Baƙin nan sun gudu. Shi ya sa ɗan'uwansa a kabari da hannunsa."

Inna ta ɗora hannu a kaina ta sa min albarka, doguwa. Fataken ba su musa ba, su ma kunyarsu ta ishe su. Jirgin ƙasa na fara tafiya suka koma arewa, ba mu sake ganinsu ba. Labari ya zagaye unguwa. Da shi aka ba ni mata.

Bayan shekara biyu, a wani suna, maroƙi ya kama ni da kirari a gaban jama'a. Na tashi na tafi shagon Kawu. Yana ɗinki.

"Kawu, ka ɗora min abin da ya fi gawar nauyi."

"Sauke."

"Ƙarya ka yi."

"Na yi. Wa ya ce maka don kai na yi? Ƙanwata ta rasa ɗa da safe. In ce mata ɗayan yana cikin kwata?"

"Kai ba ka ji tsoro ba. Ba za ka gane ba."

Ya tsayar da keke. Ya dube ni da idon nan na awo.

"Kai jaki ne. Ka dubi yadda wandona ya jiƙe ran nan? An yi ruwan sama ne? Da ina da ƙafa irin taka, wallahi ban san abin da zan yi ba. Na waiga, ba kowa, sai ni da yaron a ƙasa. Shi ke nan. Kada ka ƙara zuwa min da maganar jarumi, ni tela ne."

Na ce zan faɗa wa mutane. Ya ce muddin Inna tana numfashi, in na buɗe baki, ni da shi har abada. Na fita ban yi sallama ba. Wata huɗu ba ma magana. In na gaishe shi a masallaci sai ya amsa wa bango.

Wata safiya ya buga min ƙofa. "An yi rasuwa a layin mahauta. Ɗauko bokiti." Ban taɓa wankan gawa ba. Ya koya min a ranar, yana zagina. Tun daga nan duk gawar da ya wanke ina riƙe masa buta, duk makarar da ta fita ina gaba. Bai taɓa cewa don me ba. Ban tambaya ba.

Inna ta rasu shekara tara bayan rasuwar Yaya. Dokar Kawu ta faɗi. Ban faɗa ba. Ba wanda ya hana ni a lokacin. Na saba da yadda ake tashi a ba ni wuri.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a ana rabon waina, taubashina ya miƙe da takardarsa. Na riga shi. Na ce ina da magana. Ban iya tsara zance ba, na faɗe shi yadda yake. Na ce ni na fara sakin makara. Na ce kan Yaya ya bugi ƙasa saboda ni. Na ce a kwata na yini, kuma ban san inda aka sa Yaya ba sai da Kawu ya nuna min bayan wata guda. Na ce mutum ɗaya ne ya kai gawar nan, ga shi mun rufe shi shekaranjiya.

Ruwa na dukan tamfol. Tsohon mahauci ya ce, "Zauna, ɗana. Zafin rashi ne ke sa ka surutu." Na ce ba surutu ba ne. Taubashina ya tsaya da takarda a hannu. Ya ce, "C'est pas vrai," wato ba gaskiya ba ne. Bai ce bawana ba.

Sai aka aiko daga cikin gida wai Gwaggo tana kirana. Tana takaba, tana zaune a bayan labule, ta ji komai. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Ɗan nan, kana tsammani labari ka kawo?"

Ta ci gaba da magana daga bayan labule.

"Wa ya wanke kayanku ran nan? Ni ce. Rigar kawunka jini a baya, yashin makabarta har cikin aljihu. Taka baƙin kwata ne tun daga wuya, yashi ko ƙwaya babu."

Na ce, "Gwaggo, kin sani ke nan."

"Ni kaɗai? Uwarka tana zaune kusa da bahon. Ta ɗauki rigarka, ta juya ta, ta zura hannu a aljihu. Ta daɗe tana riƙe da ita. Ta miƙo min ta ce, 'Wanke ta da kyau. Kada ya san na gani. Kada Yaya ma ya sani, ya yi ƙoƙari.'"

Yaya take kiran Kawu. Wato shekara tara yana ɓoye mata abin da take ɓoye masa, ni ina tsakiya ina cin tuwonta. Kullum da safe in na je gaishe ta sai ta ɗora min hannu a ka. Ban san abin da zan yi da wannan ba. Wasu ranaku yana sauƙaƙa min. Wasu ranaku gara ƙarar kwaltar.

Da yamma taubashina ya same ni ina naɗe tabarmi. Ya tsaya kusa da ni. Sannan ya ce, "To, bawana. Wacce zan sa?"

Na ce, "Ta farkon nan, ta wanda bai san tsoro ba, goge ta. Ba shi ba ne, kuma da ya ji zai zage ka. Sauran ni ban san Ingilishi ba. Ka rubuta wa yaran cewa hannun kakansu yana rawa, sau uku ɗaurin yana kwancewa, ya sake ɗaurawa. In suna da kalmar wannan su sa da kansu."

"Kai fa?"

"Ka rubuta abin da na yi."

Ya ce ba zai rubuta ba. Na ce to ni zan sa a rubuta. Ga shi.

Kawu yana makabartar da ya kai Yaya, amma can ƙarshe, wajen fadama, inda ake sabbin kaburbura. Ƙasar wurin ruwa ce, sai da muka kwashe da bokiti kafin mu sa shi. Ba allo, ba suna, haka ya bar wasiyya. Layi na biyu daga katanga, kusa da wani kututturen mangwaro. Yana nan kwance a kan damansa, fuskarsa alƙibla.